Sarkin Katsina Usman Nagogo (1905–1981): Mahayi da Masu Kallonsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sarkin Katsina Alhaji Sa Usman Nagogo ta fuskar da manazarta ba su cika tsayawa a kanta ba, wato matsayinsa na ɗan wasan ƙwallon dawaki. An duba yadda wasan da ya shigo tare da hafsoshin Turawa ya zama abin tinƙahon Katsinawa a hannunsa, da hanyoyin da masoya wasan suka bi wajen riƙe sunansa bayan rasuwarsa, da kuma abin da waɗannan hanyoyi suka kasa adanawa.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta game da Sarki Usman Nagogo ya karkata ne ga sarauta da siyasa. Idan an ambaci ƙwallon dawaki, wanda ake kira folo, sai a kawo shi a ƙarshe kamar abin shaƙatawar da sarki yake yi in ya huta. Amma ga talakan birnin Katsina, wanda ba shi da hanyar shiga zauren majalisa, filin folo ne wurin da yake ganin sarkinsa ba rawani ba alkyabba, yana zufa, ana ture shi yana turewa, yana iya cin nasara kuma ana iya cin sa. Ƙaunar da ta tsiro a irin wannan wuri dabam take da biyayyar da ake yi a fada, domin ba a tilasta wa kowa ita. Wannan ƙauna da abin da ya rage daga gare ta su ne abin nazari a nan.

2.0 Asali da Tasowa

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa Muhammadu Dikko, Basulluɓe, yana riƙe da sarautar Durɓi a lokacin. A ƙarshen 1906 Turawa suka sauke Sarki Yero na gidan Dallazawa suka ɗora Dikko, sarautar Katsina ta koma sabon gida. Ke nan Nagogo ya buɗe ido ne a gidan da yake sabo a kan karaga, gidan da dole ya nemi karɓuwa wajen jama'ar da suka saba da zuriyar Ummarun Dallaje tun zamanin jihadi. Wannan al'amari yana da muhimmanci wajen fahimtar duk abin da ya biyo baya.

Ya yi karatun allo da na littattafai a gida, sannan ya shiga makarantar lardi ta Katsina a farkon shekarun 1920. A 1929 aka naɗa shi Wakilin Doka, wato shugaban 'yan dokan En'e, a 1937 kuma ya zama Magajin Gari. Duka muƙaman biyu na hulɗa da mutanen birni ne kai tsaye. Kafin ya hau gadon mahaifinsa, Katsinawa sun riga sun san shi a kasuwa da unguwanni, sun kuma san shi a bayan doki.

3.0 Shigowar Folo Ƙasar Hausa

Folo na zamani ya samo tsarinsa ne a Indiya, inda hafsoshin Ingila suka tarar da mutanen Manipur suna yin sa a tsakiyar ƙarni na 19. Suka kafa kulob a Kalkata a 1862, suka kai wasan Ingila, aka tsara masa dokoki a kulob ɗin Hurlingham da ke Landan. Daga nan ya bi sawun sojan daula. An kafa kulob a Legas a 1904, daga baya ya iso Kaduna, inda aka fara gasar Kofin Georgian a 1919. A wancan lokaci wasa ne na Turawa, 'yan ƙasa kuwa aikinsu kiwon dawaki da riƙe linzami.

Sarki Dikko ne ya sauya wannan tsari. A 1921 ya yi tafiyar da ta haɗa da aikin Hajji da ziyarar Ingila, ya kuma sake komawa Ingila sau da dama, Nagogo na cikin 'ya'yan da suka raka shi a wasu tafiye-tafiyen. Dikko ya ware fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koyi wasan. Bai shuka irin a kan dutse ba. Tun daga Daura har Rano, doki shi ne ma'aunin mazantaka da daraja a masarautun Hausa, kuma zuwan Turawa ya kashe yaƙi ya bar barade da dawakinsu ba su da fagen nuna bajinta sai hawan Salla da sukuwa. Folo ya ba su fage na uku, kuma fagen da ake iya karawa da Bature a cikinsa a kan doka ɗaya.

4.0 Nagogo a Cikin Fili

Domin a gane nauyin abin da Nagogo ya yi, ya kamata a san yadda wasan yake. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa ya kai yadi 300. Ana buga ƙwallo da doguwar sanda da hannun dama kawai, hagu na riƙe da linzami. Ana raba wasan zagaye-zagaye, kowanne minti 7, kuma ana sauya doki tsakaninsu saboda gajiya. Babbar dokar wasan ita ce ta layin da ƙwallo ya bi: wanda yake kan layin shi ke da hanya, ba a gitta masa, amma an yarda abokin karawa ya haɗa kafaɗar dokinsa da ta nasa ya ture shi gefe. Saboda haka sarki da bara duk ɗaya suke a gaban alƙalin wasa.

Ana auna gwanintar kowane ɗan wasa da maki, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa goma. Ba yawan ƙwallayen da mutum ya ci ake ƙirgawa ba. Ana duba iya hawa da iya bugu da fahimtar wasa da amfanin mutum ga ƙungiyarsa. Mafi yawan masu wasan a duniya ba sa wuce maki biyu. A tarihin folo na Nijeriya an san Nagogo da maki bakwai, matsayin da ake ɗauka a matsayin ƙololuwar abin da ɗan ƙasar nan ya kai. Ya kai nan ne a zamanin da dawakin ƙasa ne suka fi yawa a fili, kafin a fara shigo da dawakin Ajantina da ƙwararrun 'yan wasanta kamar yadda ake yi yanzu.

Ƙungiyar Katsina, wadda 'ya'yan gidan Dikko suka zama ƙashin bayanta, ta ɗauki Kofin Georgian sau da dama a Kaduna, hedikwatar mulkin Turawa a Arewa. Ba sai an faɗi abin da hakan yake nufi ga mutumin da aka ci ƙasarsa da yaƙi shekaru kaɗan da suka wuce ba. Ya ga ɗan sarkinsa ya ture hafsan soja daga kan layi, alƙali bai busa ba, Bature kuma ya miƙa hannu a ƙarshen wasa. A nan ne sabon gidan sarauta ya samu wani irin goyon baya da takardar naɗi ba ta iya bayarwa.

5.0 Sarauta da Wasa

Sarki Dikko ya rasu a farkon 1944, aka naɗa Nagogo a wannan shekara. Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba tukuna, sabon sarki ya yi tafiya zuwa Indiya da Bama domin duba sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu. Bayan yaƙi ya shiga Majalisar Sarakunan Arewa. A 1952, da aka kafa majalisar ministoci ta tsakiya a Legas, yana cikin mutum huɗu da suka wakilci Arewa, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Kashim Ibrahim, shi a matsayin minista marar ma'aikata. Daga baya Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar da ta sa ake kiran sa Sa Usman.

Shekarunsa 37 a kan karaga sun ga raguwar ikon sarakuna mataki-mataki. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya mai da sarakuna masu ba da shawara. Mutumin da ya fara aiki a matsayin shugaban 'yan doka ya rayu har ya ga an shafe rundunar. Abin da wannan sauyi bai taɓa ba shi ne matsayinsa a fagen dawaki. Ya kasance shugaban Ƙungiyar Folo ta Nijeriya na tsawon rai, kuma bayan ya daina hawa a gasa, 'ya'yansa suka ɗauki sandar. Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi, ɗan wasa ne sananne. Haka ma Hassan, wanda ya yi horon soja a Sandhurst ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a Janairun 1966, bai rabu da wasan ba har rasuwarsa a 1995. Sarki Usman Nagogo ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981.

6.0 Yadda Masoya Suke Tuna Shi

Hanyoyi biyu ne suka haɗu wajen riƙe sunan Nagogo, ɗaya baƙuwa, ɗaya ta gida.

Baƙuwar ita ce sanya sunan gwani a kan fili ko kofi. Al'ada ce da ta zo tare da wasan, kuma tana da ƙarfi a ƙasashen da suka fito da ita. A Amurka, alal misali, lambar da ake ba gwarzon ɗan gaba a wasan lakuros na jami'o'i tana ɗauke da sunan Jack Turnbull, tsohon ɗan wasan Jami'ar Johns Hopkins da ya mutu a yaƙi a 1944. A Katsina ma haka abin ya kasance. Filin folo na birnin yana ɗauke da sunan Usman Nagogo, babban filin wasanni na jihar yana ɗauke da sunan Muhammadu Dikko, ana kuma karawa a kan kofin da aka sa wa sunan Janar Hassan. A Kaduna akwai Kofin Sarkin Katsina. Duk shekara, mai sanarwa zai ambaci waɗannan sunaye, matashin da aka haifa bayan 1981 zai ji su.

Ta gida kuwa ita ce baki: kirari da waƙa da hirar dattawa. Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake raya gwanin fage bayan ya bar fage. Ɗan Anace ya yi wa Shago abin da ya sa har yau wanda bai taɓa ganin dambensa ba yake jin kamar ya gani. Narambaɗa kuwa doki sukutum ya yi wa waƙa. Irin wannan adana ba suna kaɗai take riƙewa ba, tana riƙe motsi da yanayi: yadda mutum yake shiga fili, da launin dokinsa, akawal ne ko kili ko bidi, da abin da taro ya yi lokacin da ya ɗaga hannu. Kofi yana cewa an yi gwani, baki ne yake cewa ga yadda gwanin yake.

A nan matsalar take. Hanyar farko tana da kuɗi da hukuma a bayanta, za ta ɗore. Ta biyu tana cikin ƙirjin mutanen da suka ga Nagogo a kan doki da idonsu, kuma wanda yake yaro mai wayo a shekarun 1950 yanzu ya haura saba'in. Nazarin adabin baka ya tara abu mai yawa a kan waƙoƙin fada da na dambe da na noma, amma bakin filin folo bai samu irin wannan kulawa ba, wataƙila don ana ganin wasan na masu hannu da shuni ne. Gaskiya ne mai hawa yana bukatar dukiya. Mai kallo ba ya bukatar kome sai ƙafarsa, kuma shi ne ma'ajin labarin.

Akwai kuma waɗanda duka hanyoyin biyu suka tsallake. Ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da yawa a wasa guda, kowane doki kuma yana da mai yi masa ciyawa da dusa da kanwa, mai wanke shi, mai horar da shi ya saba da sanda da ƙwallo har ya daina firgita. Maki bakwai na Nagogo an gina su ne a barga kafin a nuna su a fili. Shamaki da yaransa suna da kaso a cikinsu, amma babu kofi da sunansu. Zuriyarsu na nan a Katsina, kuma a gidajensu ne ya fi dacewa a fara neman sunayen dawaki da lafuzzan horo da kalmomin da Hausa ta ƙirƙira wa wasan.

7.0 Kammalawa

Usman Nagogo ya gaji wasan da mahaifinsa ya aro, ya kai shi matsayin da Katsinawa suka daina ganin sa a matsayin aro. Ikon da ya riƙe a matsayin sarki ya yi ta raguwa a gaban idonsa, amma martabar da ya samu a fili ba gwamnati ce ta ba shi ba, don haka ba ta iya karɓewa. Masu kallo ne suka ba shi, su ne kuma suka riƙe ta fiye da shekara arba'in bayan rasuwarsa. Sunansa a kan fili ya tsira. Abin da ke cikin haɗari shi ne labarin da ke bayan sunan, kuma tattara shi aiki ne na masu nazarin Hausa, tun masu ba da shi suna raye.