Sarki Tanimun, mai igwar Damagaram

A yau za mu waiwayi tarihin Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda a zamaninsa aka ƙera igwa a cikin birnin Zinder.

Tanimun ya fara hawa gadon sarauta a 1841, bayan ya ture wansa Ibrahim. A lokacin Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, sai Shehun Barno ya mayar da Ibrahim a 1843. Tanimun ya sake karɓar mulki a farkon shekarun 1850, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1884.

Darasin da ya ɗauka daga tuɓewar farko shi ne, sarkin da ba shi da ƙarfin kansa aron gado yake yi. Saboda haka ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma riƙe 'yan kasuwa hannu biyu. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Ghat da Agadas yana sauka a Zango kafin ya wuce Kano. Fatake suna kawo bindigogi, su tafi da fatu da gashin jimina. Ba za mu ɓoye ba, har da bayi ake sayarwa, kuma wannan tabo ne a tarihinmu.

Amma Tanimun bai tsaya ga saye kaɗai ba. Ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida. Masana tarihi sun ambaci bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40 a rundunarsa. Da wannan ƙarfi ya mamaye ƙasashen maƙwabta kamar Muniyo, ya daina jin tsoron Kukawa.

To, wa ke duba ingancin irin wannan aiki? A Ingila, tun shekarun 1830 ƙungiyar masana ta Royal Society ta Landan take miƙa rubutun mai bincike ga takwarorinsa, su tantance kafin a buga. A ƙasar Hausa kuwa, maƙera suna da nasu Sarkin Maƙera, kuma idon abokin sana'a ne ke gane aikin ƙwarai. Igwa ba ta yarda da ha'inci. In aka bar kumfar iska a cikin zubi, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ranar da aka ɗura albarushi tana iya fashewa ta kashe mai harba ta. Ke mai sayen tukunyar dalma, ai kin san sai an ƙwanƙwasa a ji amonta kafin a biya kuɗi.

Shekara 15 bayan rasuwarsa, a 1899, sojojin Faransa suka ci rundunar ɗansa Amadu Kuran Daga a Tirmini, domin makaman Turai sun riga sun yi nisa. Marubuci André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, ya kuma yi wasan kwaikwayo da sunan Tanimun.

Mu dai abin da muka gani a rayuwarsa shi ne, hannun ɗan gida yana iya ƙera abin da ake zaton sai daga waje, muddin masana sana'ar sun duba shi an gwada. Allah ya jiƙan magabata.