Rupert East: Baturen da ya tsaya wa haruffa masu lanƙwasa

Duk harshen da za a rubuta, na mutane ne ko na kwamfuta, sai an sami masu zama su yanke yadda za a tsara haruffansa da ƙa'idojinsa, kuma abin da suka yanke shi na baya za su gada. A rubutun Hausar boko, babu wanda hannunsa ya fi fitowa a wannan aiki kamar Dokta Rupert Moultrie East, Baturen Ingila da aka haifa a shekarar 1898.

East ya yi karatu a Jami'ar Oxford, sannan ya zo Nijeriya ta Arewa a matsayin jami'in ilmi. Ya zauna a ƙasar Tibi har ya ƙware a harshensu, shi ne ma ya fassara littafin tarihin da Akiga Sai ya rubuta zuwa Turanci, aka buga a 1939. Amma a Zariya sunansa ya kafu, inda ya shugabanci Hukumar Fassara, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi.

Ya tarar da boko bai zauna da gindinsa ba. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu tun 1912, amma sautukan nan uku da Turanci ba shi da su sun ci gaba da wahalar da marubuta. Wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa waƙafi a sama, wani kuma ya bar shi haka nan, mai karatu ya yi ta lalube. Lamarin ba ƙarami ba ne, domin baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, ballantana ƙashi da ɗan'uwansa da ba a so a ambata a bainar jama'a. A cikin shekarun 1930, bayan tuntuɓar masanin harsunan Afirka ɗan Jamus, Diedrich Westermann, aka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ, East kuma ya sa su cikin ayyukan hukumarsa. A wannan zamani ne c ya kori ch, duk da cewa sunaye irin su Bauchi sun riƙe tsohon rubutunsu har yau.

Hikimarsa ita ce ya gane ƙa'ida ba ta rayuwa a takardar umurni, sai a littafin da mutane ke sha'awar karantawa. Don haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Gasar ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuwa shi da John Tafida suka haɗa hannu suka rubuta. A 1936 ya jawo Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda aka rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam na edita, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya ƙarƙashin jagorancin East. Da waɗannan ne sababbin haruffan suka shiga makarantu da ofisoshin En'e.

Ba a rasa abin suka a aikinsa. Rubutun da ya daidaita bai nuna tsawon wasali ko karin sauti ba, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suke fitowa iri ɗaya a takarda. A ganina ya yi daidai da ya bar su, don Bahaushe na rarrabewa daga zubin jimla, yawan alamomi kuma da ya nauyaya bugu da koyo. Sukar da ta fi nauyi ita ce aikin duka na gwamnatin mulkin mallaka ne, wadda ta fifita boko a kan ajamin da malamai suka daɗe suna rubutu da shi.

East ya bar Nijeriya a farkon shekarun 1950, ya koma Ingila tare da matarsa, Jacqueline de Naeyer, mai zane 'yar Beljiyam. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa ta ci gaba da gyaran ƙa'idojin, aka kuma yi taron Bamako a 1966. Nijar ta ƙara ƴ a nata rubutun, Nijeriya ta tsaya a kan 'y. Shi kuwa ya rasu a 1975.

Yau haruffan uku suna cikin tsarin Unicode, ana kuma samun su a allon rubutun Hausa na wayoyin hannu. Duk da haka, wanda ya duba allunan shaguna daga Unguwar Kanawa zuwa Kawo a Kaduna, ko takardun sanarwa na ofisoshi, zai ga sau da yawa an rubuta daki a inda ake nufin ɗaki.