John Allen: Mai ɗaukar hoton da ya ƙirƙiri layin dogo har da tarihinsa a ƙarƙashin gidansa

An haifi John Whitby Allen a ranar 2 ga Yuli, 1913, a garin Joplin na jihar Missouri a Amurka. Yana ɗan shekara uku zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa, mahaifiyarsa ma ta rasu tun bai kai ga balaga ba, sai ya tashi a hannun dangi. Yana makaranta wani zazzaɓi mai taɓa gaɓoɓi ya kama shi, ya raunana masa zuciya har ƙarshen rayuwarsa. Bisa shawarar likita ya koma Kalifoniya, inda ya yi karatu a jami'ar UCLA, daga baya ya ƙware a ɗaukar hoto.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana da shagon hoto a garin Monterey, inda sojoji suka kasance manyan abokan cinikinsa. Ɗan gadon da ya samu ya zuba shi a hannun jari, bai kuma kasance mai almubazzaranci ba. Don haka bayan yaƙin ya sayar da shagon, ya ajiye aiki yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya ba da sauran rayuwarsa ga ƙera ƙananan jiragen ƙasa.

Ya yi aiki da ma'aunin da ake kira HO, wanda a cikinsa ake rage girman kowane abu sau 87. Layinsa na farko a kan tebur yake, tsawonsa bai kai ƙafa bakwai ba. Ya raɗa masa suna Gorre & Daphetid, wanda in aka furta shi da Turanci yakan yi kama da kalmomin da ke nufin jina-jina da shan kaye. Barkwanci ne, amma ya dace da labarin da ya tsara wa kamfanin: ƙaramin layi a cikin tsaunukan yammacin Amurka a zamanin jiragen kwal da tururi, mai ƙarancin kuɗi, wanda ke lallaɓa tsofaffin kayan aiki domin ya ci gaba da rayuwa.

Wannan labari ne ya bambanta shi da yawancin tsaransa. A lokacin an fi son ganin samfuri yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga shago. Shi kuwa Allen sai ya shafa wa taragunsa tsatsa da ƙura, ya baƙanta rufin gine-gine da hayaƙi, ya bar katako ya koɗe. A 1948 samfurin rumfar ajiye kawunan jirgi da ya ƙera ya lashe gasa, mutane suka yi ta magana a kan tattabarun da ya ɗora a rufin har da kashinsu. Kamfanin Varney ya riƙa amfani da hotunan layinsa a tallace-tallace, mujallu irin su Model Railroader kuma suka yaɗa sunansa har aka yi masa laƙabi da matsafin Monterey.

A 1953 ya koma wani gida a gefen tudu, ya haƙe ƙarƙashinsa, ya fara gina layi na uku, wanda ya haɗiye na farkon a cikinsa. Duwatsun da ya ƙera sun tashi daga daɓe har kusa da rufi, da gadoji masu yawa a kan kwazazzabai. Ya jera madubai a wuraren da ido ba zai gane ba, ta yadda titi ko rukunin gidaje zai yi kamar ya ninka. Ya kafa garuruwa irin su Gorre da Great Divide da Port da Andrews, kowanne da sana'ar da ke ciyar da shi. Bai bar raha ba: akwai wata dabbar zamanin da, irin dainoso, mai suna Emma, da aka ba lamba 13 tana jan taragu.

Sai dai abin da ya fi ɗauka da muhimmanci shi ne gudanar da layin. A wurinsa jirgi ba ya zagayawa don a yi kallo kawai. Kowane tarago yana da inda ya ɗauko kaya da inda zai sauke, da 'yar alama a kansa mai nuna hakan. Kowane kan jirgi yana da iyakar nauyin da zai ja a hawan dutse. Abokansa, ciki har da sojojin da ke aiki a yankin, sukan taru kowane mako, kowa ya kama aikinsa bisa ƙa'ida, wanda ya yi ganganci kuma ya jawo wa sauran jinkiri. Ƙasar ta almara ce, amma an yarda da ita domin dokokinta suna aiki a kan kowa, kuma kowane reshen layi yana da dalilin tattalin arziki da ya sa aka shimfiɗa shi. Daga wannan tunani ya ƙirƙiro Timesaver, wasan jera taragu a kan 'yan gajerun layuka cikin mafi ƙarancin lokaci, wanda aka wallafa a 1972, har yau kuma ana yin sa a ƙasashe da dama.

Allen ya rasu sakamakon bugun zuciya a ranar 6 ga Janairu, 1973, yana da shekara 59, babban layin bai kammala ba. Kwana goma bayan haka abokansa suka taru a gidan, suka tuƙa jiragen, suka tattauna yadda za a adana aikin. Bayan sun watse gobara ta tashi daga na'urar ɗumama ɗaki, ta lalata aikin kusan shekara ashirin.

Cikin abin da ya tsira akwai hotunan da ya ɗauka da hannunsa. Da su Linn Westcott, tsohon editan Model Railroader, ya haɗa littafin Model Railroading with John Allen, wanda ya fito a 1981. Har yanzu masu wannan sana'a da yawa sukan fara da rubuta tarihin kamfanin da suka ƙirƙira, da kayan da zai ɗauka, da garuruwan da zai yi wa hidima, kafin su shimfiɗa ƙarfen farko.