Frederick Griffith, likitan da ya gano ƙwayoyin cuta suna aron hali

An haifi Frederick Griffith a arewacin Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ya yi karatun likita a birnin Liverpool, daga baya ya kama aiki a ɗakin bincike na Ma'aikatar Lafiya a Landan. Mutum ne mai kunya, marar son shiga taro. Aikinsa shi ne rarrabe irin ƙwayoyin cutar da ake aiko masa daga gidajen likita, musamman ƙwayar ciwon haƙarƙari, wadda kan haddasa sanƙarau kuma.

Ita wannan ƙwaya iri biyu ce. Ɗaya tana da riga mai santsi da ke kare ta daga dakarun jini, ita ce mai kisa. Ɗayar ba ta da riga, jiki yakan cinye ta nan da nan. Griffith ya kashe masu riga da zafin wuta, ya yi wa ɓeraye allurarsu, ba abin da ya same su. Sai ya gauraya matattun da rayayyu marasa riga. Ɓerayen suka mutu, kuma a cikin jininsu ya tarar da ƙwayoyi masu riga, da ransu. Ashe rayayyun sun ɗauki wani abu daga gawar ƴan'uwansu, sun yi riga, har zuriyarsu ta gaje ta. Ya buga wannan sakamako a shekara ta 1928.

Allah bai nufe shi da sanin ko mene ne abin ba. A 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu, bam ɗin jiragen Jamus ya kashe shi a Landan tare da abokin aikinsa William Scott. Sai a 1944 Oswald Avery da abokansa biyu, a Amurka, suka tabbatar cewa sinadarin gado ne, wato DNA.

Yau masana suna karanta gadon dubban ƙwayoyi, suna kwaikwayon wannan musaya a kwamfuta don su ga yadda sabon iri ke yaɗuwa.

Mutanen Dakwaro, da sauran jihar Maraɗi, suna cikin yankin da sanƙarau ke ziyarta da rani. A 2010 Nijar ta fara rigakafin iri na A, ya ja baya ƙwarai. Amma a 2015 iri na C ya kama fiye da mutum 8,000, fiye da 500 suka rasu. Bincike ya nuna ƙwayar dā tana zaune a maƙogwaron mutane ba riga, sai ta aro ta daga wata, kamar yadda Griffith ya gani ga tasa ƙwayar. Shi ya sa allurar da aka yi wa yaro don wani iri ba ta ɗauke wa iyaye kai shi in an kira sabuwa.