Jim Reeves: Mawaƙin Da Muryarsa Ta Cika Gidajen Maƙwabtanmu

Duk wanda ya tashi a Sabon Ibadan ko Agege a shekarun 1960 da 1970, da wuya a ce bai san muryar Jim Reeves ba, ko da kuwa bai san sunansa ba. Ranar Lahadi da safe sai ka ji ta tana fitowa daga garmahon maƙwabta, murya mai kauri da sanyi, babu hayaniya. Da yawa daga cikinmu ba mu jin Turancin, amma dai mukan tsaya mu saurara.

An haife shi ran 20 ga Agusta, 1923 a ƙauyen Galloway cikin Jihar Texas ta Amurka. Shi ne auta, kuma yana jariri mahaifinsa ya rasu, ya bar uwar da ɗawainiyar 'ya'ya da aikin gona. Da ya girma ya kama wasan ƙwallon gora da niyyar ya zama sana'arsa, sai rauni ya same shi a ƙafa, dole ya haƙura. Daga nan ya koma aikin sanarwa a gidan rediyo, har ya kai tashar KWKH ta Shreveport, inda ya sami damar rera waƙa a gaban jama'a.

A 1953 waƙarsa "Mexican Joe" ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin karkarar Amurka. Amma lokacin yana ɗaga murya ne kamar sauran. Sai a 1957, da ya yi "Four Walls" a kamfanin RCA tare da Chet Atkins, ya matso da bakinsa dab da makirfo, ya sassauta murya kamar mai yi wa mutum ɗaya magana a kunne. To, wannan shi ne sirrin. Waƙarsa "He'll Have to Go" ta yi mako 14 tana ta ɗaya a 1960, ta kuma kai ta biyu a babban jerin waƙoƙin ƙasar.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. A 1962 ya je wasa Afirka ta Kudu, ya yi waƙoƙi da harshen Afirkans, daga baya ma ya fito a fim ɗin "Kimberley Jim", alhali mulkin wariyar launin fata na kan ganiyarsa. A ganina wannan tabo ne a tarihinsa, duk da irin son da baƙar fata suka yi masa.

Ran 31 ga Yuli, 1964 yana tuƙa ƙaramin jirgin sama da kansa, hadari ya rutsa da shi kusa da Nashville. Ya mutu tare da makaɗinsa Dean Manuel, yana da shekara 40. Sai bayan kwana biyu aka gano gawarwakinsu a cikin kurmi.

Matarsa Mary ta ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari. A 1966 "Distant Drums" ta yi mako biyar tana ta ɗaya a Ingila, shekara biyu bayan an binne mai ita.