Malam Maman Barka, malamin lakwal da ya gaji kiɗan biram

Ranar 21 ga Nuwamba 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai. Har yanzu idan Muryar Sahel ta saki waƙarsa, ma'aikatan ofisoshin Filato da suka yi ƙuruciya a zamanin kaset sukan gane shi tun gurumi bai gama buɗe baki ba.

An haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a Tesker, can cikin rairayin jihar Damagaram, a gidan Tubawa makiyaya. Ba ɗan gadon kiɗa ba ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake ganin kiɗa sana'ar wasu gidaje ce. Boko ya yi, ya zama malamin lakwal, sunan Malam kuma ya bi shi har kabari. Abin kiɗansa na farko gurumi ne mai tsirkiya biyu. Shi ke tsara waƙarsa, shi ke kaɗawa, shi ke rerawa, ba ya buƙatar tarin 'yan amshi. Waƙar Amairam ce ta fito da shi, daga nan kaset ɗinsa suka tsallaka iyaka zuwa arewacin Najeriya. Ya yi waƙa da Hausa, da Tubanci, da Barbarci. Maimakon kirarin masu kuɗi, ya fi karkata ga zaman duniya: soyayya, talauci, wahalar gidan haya. Malantar ba ta sake shi ba, sau da yawa waƙar tasa darasi ce da aka sa wa zaƙi.

Da ya tsaya nan ma, da ya isa a tuna shi. Amma a 2002, da tallafin UNESCO, ya nufi tafkin Chadi neman wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram. Biram abin kiɗan Buduma ne, masuntan tsibiran tafkin. Tsirkiyarsa biyar, gangar jikinsa kamar kwalekwale, kuma Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba, suna danganta shi da iskan da ke tsaron ruwan. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai, samari sun watse neman abinci, babu mai zaman koyo. Sai ga baƙo, Batube, wanda ya riga ya yi suna a birni, ya durƙusa gaban tsoho a matsayin almajiri. Bukar Tar ya koya masa kiɗan da waƙoƙin, ya kuma bar masa biram ɗinsa kafin ya rasu.

Daga nan Barka ya ɗauki biram ya shiga duniya da shi, tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu, makaɗin kalangu da duma. A dandali su biyu ne kawai, babu jita, babu piyano, amma sukan riƙe taro. A 2008 sun yi wasa a bikin WOMAD na Ingila, a 2009 kuma kamfanin World Music Network ya fitar da faifan Introducing Mamane Barka. Abin takaici, Turawa sun fi mutanen Yamai sanin wannan faifai. A gida, mai gurumi aka sani.

Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Elhaji Taya da ke Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya na ƙasar. Ɗauke biram daga hannun tsoho guda ya yiwu cikin 'yan shekaru. Samun matasan da za su zauna su karɓa daga hannunsa shi ne ya fi wuya, kuma yana tsakiyar wannan aiki ajali ya riske shi yana da kimanin shekara 60.