Wangari Maathai: Farfesar da Ta Dasa Bishiyoyi Tare da Matan Ƙauye

'Yan uwa mata, a wannan fitowa ta cikar shekarar ƙungiyarmu mun zaɓo muku tarihin wata mata 'yar ƙasar Kenya, wadda ta kai ƙololuwa a karatun jami'a, ta kuma dawo ta durƙusa cikin ƙasa tare da matan ƙauye suna dashe.

An haifi Wangari Maathai ranar 1 ga Afrilu, 1940, a ƙauyen Ihithe da ke yankin Nyeri. 'Yar manoma ce, ta tashi tana ɗebo ruwa da itace kamar kowace yarinyar karkara. A 1960 ta samu gurbin karatu a Amurka, ta yi digiri na farko a kimiyyar halittu a 1964, na biyu kuma a Jami'ar Pittsburgh a 1966. Da ta dawo gida an yi mata alkawarin aiki a jami'a, sai ta tarar an ba wani. Ba ta karaya ba. Ta shiga sashen nazarin jikin dabbobi, ta yi wani ɓangare na bincikenta a Jamus, a 1971 ta kammala digirin dakta a Jami'ar Nairobi. Ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a gabashi da tsakiyar Afirka. A 1976 aka ba ta shugabancin sashen, a 1977 ta zama mataimakiyar farfesa.

Aikin bincike ne ya riƙa fitar da ita karkara duba shanu. A can ta ga dabbobi sun rame don babu ciyawa, rafuka sun yi jajir da laka saboda ruwan sama yana kwashe ƙasar gona. A tarurrukan Majalisar Matan Kenya kuma, koken matan ƙauye ɗaya ne: itacen girki ya yi nisa, ruwa ya ja baya, abincin yara ya ragu. Ta duba ta ga tushen duka shi ne sare itatuwa.

Ranar 5 ga Yuni, 1977, ita da matan majalisar suka dasa bishiya bakwai a Nairobi. Daga nan ƙungiyar Green Belt Movement ta samo asali. Wasu ma'aikatan gandun daji suna ganin renon iri sai mai takardar shaida. Ita kuwa ta ga cewa macen da ta iya shuka hatsi ta rene shi ai za ta iya renon bishiya. Mata suka kafa ƙananan ƙungiyoyi, suna tsintar iri a daji, suna renonsa a gwangwani da tsofaffin tukwane. Dabarar da ta riƙe aikin ita ce ba a biyan mace ɗan ladanta sai dashen ya rayu. To kun ga dole a yi ban ruwa, a kuma tsare shi daga awaki.

Ta sha wuya a hanya. A 1982 ta ajiye aikin jami'a don tsayawa takara, aka hana ta takarar, aikin ma bai dawo ba, ta rasa gidan ma'aikata da take ciki. A 1989 ta ja da gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi kan shirin gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru, har aka fasa ginin. An tsare ta ba sau ɗaya ba, a 1999 kuma aka fasa mata kai lokacin da ta je dashe a dajin Karura. A 2002 ta ci zaɓen majalisa, a 2003 ta zama mataimakiyar ministan muhalli. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka, a lokacin ƙungiyarta ta dasa bishiyoyi kusan miliyan 30. Ta rasu ranar 25 ga Satumba, 2011, tana da shekara 71, bayan fama da ciwon daji.

Mu a nan Yankwashi, da 'yan uwanmu na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, ba sai an ba mu labarin tsadar itace ko iskar bazara mai tafiya da ƙasar gona ba. Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, inda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka ya ratsa. Muna da namu itatuwan da suka san ƙasarmu: gawo mai zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da kuka, ɗorawa, tsamiya, dogonyaro, da zogale na bayan ɗaki. Yadda muke zubin adashi kowace ta kawo nata, haka za mu iya raba renon iri: kowace mamba ta ɗauki gwangwani biyar tun da rani, ta riƙa ba su ragowar ruwan gida, mu dasa idan damina ta zauna. Baɗi a taro irin wannan sai mu ƙirga waɗanda suka rayu.